Sharhi: Sakhr AX-170, tsohuwar kwamfutar Larabawa da har yanzu take aiki

Wanda ya taso a Jidda ko Makka a shekarun 1980 ya san sunan Sakhr ko da gidansu ba su taɓa mallakarta ba. Kamfanin Al-Alamiah na Kuwait ne ya sa mata Larabci ya watsa ta a ƙasashen Larabawa, amma wannan samfurin na AX-170 Sanyo ce ta ƙera shi a bisa tsarin MSX da ya fito daga Japan a 1983. Wadda na yi wannan sharhi a kanta ta hannu ce, daga kasuwar Sawarikh da ke kudancin Jidda, kuma an yi makonni ana kunna ta kusan kullum.

A cikinta akwai na'urar sarrafa lissafi Z80A mai gudun 3.58 MHz, ƙwaƙwalwar aiki 64 KB, ta hoto 16 KB. Hotonta ɗigo 256 ne a kwance, 192 a tsaye, kala 15. Sautinta murya uku ne, ana iya haɗa musu ƙara mai shuu irin ta rediyon da ya rasa tasha. Kibod ɗin yana haɗe da jikinta, kowane maballi da baƙin boko da na Larabci. A yau ƙaramin hoto ɗaya a waya ya fi duk ƙwaƙwalwarta girma, amma da ka danna makunni, cikin 'yan daƙiƙu ta shirya, babu jiran komai.

Tun a wajen saye ake cin riba ko a tafka asara. Kar ka biya kuɗin mai aiki a kan wadda ba a kunna a gabanka ba, komai rantsuwar mai kaya. Juya ta ka karanta lambar wutar da ke jikinta, domin tsofaffin gidajen Saudiyya da yawa suna da soket na bolt 127 da na 220 a ɗaki ɗaya, kuma kayan wancan zamanin ba duka suke ɗaukar biyun ba. In ka je da mitar auna wuta, auna ramin hannun wasa tsakanin ƙafa ta 5 da ta 9: ya kamata ka ga bolt 5, ko tsakanin 4.75 da 5.25. Idan ya yi ƙasa, ko hoton yana kaɗawa kamar tuta, ko lasifika na gurnani, yawanci kafasitocin sashen wuta ne suka bushe. Shekara kusan arba'in a ɗakin ajiya mai zafin Hijaz ba wasa ba ce. Canza su ba wuya ga mai gyaran rediyo, sai dai ya sa masu lamba ɗaya, gara masu jure zafin digiri 105, kuma kar ya juya ƙafar ƙari da ta ragi.

Abu na biyu damshin teku. A tawa, ramin kaset ɗin wasa ya yi kore-kore, shi ya sa da farko in an sa wasa sai ta share shi ta shiga BASIC, wato yaren rubuta manhaja da ke cikinta, kamar ba a sa komai ba. Maganinsa sinadarin isofurofil mai ƙarfi 99 da audugar goge kunne, a goge haƙoran kaset har auduga ta daina baƙi, sannan a jiƙa siririn kati a zura a ramin sau da yawa. Ban da hura iska da baki, wannan al'adar yarinta ita ke ƙara tsatsa. Kuma ko da wasa kar a sa ko a zare kaset tana kunne. Akwai bolt 12 a wannan ramin.

Inda ta fi ba da ciwon kai shi ne talabijin. Da wayar bidiyo mai kai rawaya a tsohuwar talabijin mai ƙeya, hoton tas, rubutu a fili, kuma da ka motsa hannu abin ya motsa. A sabuwar talabijin ta bango kuwa, ta ƙaramin akwatin nan mai arha da ke maida bidiyo HDMI, gefen haruffa na rawa kuma ana jin jinkiri tsakanin danna maballi da tsalle. Dalili shi ne akwatin yana ɗaukar hoton a matsayin na tashar talabijin mai saƙaƙƙun layuka, sai ya tsaya gyaran abin da bai lalace ba. A wasan tseren mota na Road Fighter wannan ɗan jinkirin kaɗai ya isa ya haɗa ka da motar gaba. Akwatin RetroTINK 2X, wanda aka yi don tsofaffin na'urorin wasa, na magance shi, amma kuɗinsa na iya wuce na kwamfutar. Wani abin kuma ba lalacewa ba ce: tsarin talabijin na PAL take bi, mai sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, alhali wasannin Japan an tsara su a kan 60, don haka gudu da kiɗa sukan ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari.

Wasannin kamfanin Konami na Japan su ne gishirinta: Antarctic Adventure, King's Valley, Knightmare, Penguin Adventure. Metal Gear na 1987 ba zai tashi ba, MSX2 yake nema, wato tsarin da ya biyo bayan na wannan, kar wani ya sayar maka da shi a kan wannan. Kaset na asali sun yi wuya, masu Larabci na koyarwa da na Alƙur'ani da Al-Alamiah ta fitar sun fi wuya. Mafita biyu ce. Ko dai kaset na zamani mai cin katin ajiya, kamar MegaFlashROM SCC+ SD ko Carnivore2, ko kuma tsohuwar hanyar kaset na rediyo, amma da waya a madadin rakoda. Wayar haɗin tana da kai mai ƙafa 8 a gefe ɗaya, uku a ɗayan: farin na lodi, jan na ajiya, baƙin ƙarami na tsayar da rakoda. Sa farin a waya, ɗaga murya sosai, kashe duk wani gyaran sauti, sa wayar a yanayin jirgi. Rubuta BLOAD"CAS:",R ko RUN"CAS:" gwargwadon irin fayil ɗin. A gudun bit 1200 a daƙiƙa, wasa mai 32 KB kusan minti biyar yake ci, kuma ƙarar saƙon WhatsApp guda a minti na huɗu ta isa ta maida kai farko. In kalmar Found ba ta fito ba, murya ce ta yi ƙasa.

Hannun wasa: na Atari mai maballi ɗaya yana aiki. Na Mega Drive bakinsu ɗaya da ramin, amma jerin wayoyinsu daban, sai da mahaɗi na musamman.

A ganina darajarta ta gaske tana BASIC, duk da abin da ya rage wa mai rubutu bai kai 29 KB ba. Rubuta PLAY "T120O4CEG","O3EGB","O2C1" ka ji muryoyi uku a tare. T sauri ne, daga 32 zuwa 255. O tsayin murya, 1 zuwa 8. V ƙarfi, 0 zuwa 15. Yaron da ke makarantar firamare zai gane wannan a zama ɗaya. Zane ma haka: SCREEN 2, sai CIRCLE (128,96),60,8, sai PAINT (128,96),8, a ƙarshe layin da ke komawa kansa da GOTO, in ba haka ba hoton zai ɓace nan take. Kalar cikawa dole ta zama ɗaya da ta da'irar, in ta bambanta fentin zai malale ya cinye allon. Kuma kowane ɗigo takwas a jere kala biyu kawai suke ɗauka, ta uku in ta shigo sai ta ɓata maƙwabta. Masu zanen MSX da wannan ƙa'idar suke tsara hoto tun a takarda mai gidaje.

Wanda wasa kawai yake so, openMSX, manhajar da ke kwaikwayon MSX a kwamfutar zamani, ya ishe shi kuma kyauta ne. Wanda zai saya kuwa, ya fara neman talabijin mai ƙeya inci 14 da ramin bidiyo mai aiki, sannan ya koma layin tsofaffin kayan wuta da mitarsa a aljihu.