Kafin ka sayi buhun abincin kare don cibiyar ceto da ke hayin iyaka

Cibiyar da ke tsince karnuka daga kan titi tana da buƙatu da yawa, amma wadda ba ta jiran gobe ita ce ta ciki. Kare mai nauyin kilo 15 yakan ci kimanin giram 250 na busasshen abinci a rana. Ke nan buhu mai kilo 20 zai riƙe shi kusan kwana 80, amma in karnukan sun kai 80, buhun nan ba zai ga wayewar gari ba. Shi ya sa duk wanda ya yi niyyar taimakawa yake fara tunanin buhu, kuma niyya ce mai kyau. Inda gizo ke saƙa shi ne idan cibiyar tana wata ƙasa, domin abincin kare nama ne a idon jami'an kan iyaka, kuma nama ba ya ƙetare iyaka haka siddan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun bayan da aka gano cutar haukan shanu a Birtaniya a 1986, ƙasashe suka tsaurara kan duk abin da aka haɗa da nama, ƙashi ko kitsen dabba. Ga kuma tsoron cutar baki da kofato da zazzaɓin aladu na Afirka, waɗanda kan iya laɓewa cikin kayan nama. Kanada, alal misali, tana barin matafiyi ya shigo da abincin dabba har kilo 20 daga Amurka, amma da sharaɗin an yi shi a Amurka, yana cikin buhunsa na kamfani, kuma dabbar da za ta ci tana tare da matafiyin. Abincin da aka ɗauko don kyauta ga wasu karnuka bai shiga wannan sassaucin ba. Tarayyar Turai ta fi haka tsanani: matafiyi daga mafi yawan ƙasashen waje ba ya shigo da kayan nama, sai abincin dabba na rashin lafiya, shi ma kada ya wuce kilo 2. Tun daga Janairun 2021 wannan doka ta hau kan masu zuwa daga Ingila ma.

To wanda ya loda buhuna a bayan mota ya nufi iyaka, yana iya komowa hannu rabbana, an ƙwace kayan an lalata. Aikawa ta kamfanin jigila ma ba ta tsallake wannan shingen ba. Ana neman takardar shaidar likitan dabbobi, wani lokaci da izinin shigo da kaya, sannan ga kuɗin kwastam. Abu ne mai nauyi, kuɗin dakonsa kan iya zarce kuɗin sayensa. Wannan hanya ta dace da manyan ƙungiyoyi masu cika babbar mota, waɗanda suke da wanda ya san takardun. Ga mutum ɗaya mai buhu biyu, asara ce.

A ganina hanyar da ta fi ita ce a sayi abincin a can ɓangarensu. Ka shiga kantin intanet na ƙasar da cibiyar take, ko ka biya dillalin da suka saba saye a wurinsa, a kai musu har ƙofa. Babu kwastam, babu jira, kuma ka san abin da kuɗinka ya zama. Tura kuɗi kai tsaye ya fi wannan amfani in ka amince da mutanen, domin mai sayen buhu hamsin yana samun rangwamen da kai ba za ka samu ba, kuma wata rana abin da ya fi matsa musu allurar rigakafi ce ko maganin tsutsar ciki. Sai dai amincewa ba a gina ta a kan hoton kare mai ban tausayi. Ka nemi lambar rajistarsu, ka tambayi sunan asibitin dabbobin da ke duba musu karnuka, ka ga ko suna nuna rasit. Masu gaskiya ba sa jin haushin irin wannan tambaya.

Sai batun abin da za a saya. Busasshen abinci ruwan cikinsa kimanin kashi 10 cikin ɗari ne, na gwangwani kuwa yakan kai kashi 75 zuwa 80. Duk kilon gwangwani da ka biya, mafi yawansa ruwa ka saya. Don ciyarwar yau da kullum busasshe ne gaba. Amma kada a raina gwangwani: tsohon karen da haƙoransa suka zube, wanda aka yi wa tiyata, da wanda ya ƙi cin komai, sau da yawa ƙamshin gwangwani ne ke sa su kai baki, kuma a cikinsa ake ɓoye ƙwayar magani. 'Yan kaɗan a gefen buhu sun wadatar.

Ka juya buhun ka karanta bayansa. Abin da kake nema shi ne shaidar cewa abincin cikakke ne, wanda kare zai rayu a kansa shi kaɗai, bisa ma'aunin AAFCO, ƙungiyar jami'an da ke sa ido kan abincin dabbobi a Amurka, ko FEDIAF, ƙungiyar kamfanonin da ke yin abincin dabbobin gida a Turai. A ma'aunin AAFCO, babban kare na buƙatar furotin aƙalla kashi 18 cikin ɗari bayan an cire ruwa, kwikwiyo da karya mai shayarwa kuwa kashi 22.5. Cibiyoyin ceto ba sa rabuwa da 'yan kwikwiyo da uwayensu, kuma abincinsu ne masu kyauta suka fi mantawa. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma buhu mai ɗan karen tsada da aka yi wa kwalliyar talla shi ma ba lallai ya fi matsakaici ba. Buhu uku na matsakaici cikakke sun fi buhu ɗaya na ƙawa.

Abu guda da ba a cika lura da shi ba: cikin kare ba ya son sauyi kwatsam. Ana sauya masa abinci ne a hankali, cikin mako guda, ana gauraya sabo da tsoho. In kowane mai kyauta ya aiko da irin nasa, sakamakon gudawa ce a ɗaki bayan ɗaki, ma'aikaci ya wuni da tsintsiya da bokiti. Karen da aka tsinto haƙarƙari a waje kuwa, in aka cika masa kwano lokaci ɗaya yana iya mutuwa, sai dai kaɗan-kaɗan bisa umarnin likita. Don haka tun kafin ka zaɓi komai, ka tambaye su irin wanda suke bayarwa, ka sayi shi.

Ka kuma tambayi girman ɗakin ajiyarsu. Buhun da ya sha zafi da laima kitsensa yakan lalace, ya yi fumfuna, ɓeraye su huda shi. Fumfuna ba abin wasa ba ce: a ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 karnuka fiye da 100 suka mutu a Amurka bayan cin abincin da ke ɗauke da gubar afalatoksin, wadda ke fitowa daga hatsin da ya yi fumfuna. Buɗaɗɗen buhu ko wanda kwanan watansa ya kusa ƙarewa bai kamata a aika ba. In wurin ajiyarsu ƙarami ne, ka raba kyautar taka, buhu ɗaya ko biyu duk wata, ka kuma sanar da su ranar da zai riƙa isowa don su san yadda za su tsara sauran sayayyarsu.