Wasannin bidiyo masu ƙamshin addinin Shinto: wanne ya cancanci kuɗinka?

Idan abin da kake nema shi ne wasan da jarumansa suka fito daga cikin addinin gargajiyar Japan, wato Shinto, to ka fara da Okami HD, sauran su biyo baya. Kamfanin Capcom ne ya fitar da shi a 2006 a PlayStation 2, daga baya aka gyara hotonsa aka kawo shi PS4, Xbox One da kwamfuta a 2017, sai Switch a 2018.

A wasan kai ne Amaterasu, wadda mabiya Shinto ke ɗauka a matsayin abar bautarsu ta rana, amma ta sauko cikin siffar farin kyarkeci. Labarin ba ƙirƙirar masu wasan ba ne kacokan. Macijin nan Orochi mai kawuna takwas, da ake ba shi budurwa duk shekara, da yadda aka bugar da shi da giyar shinkafa kafin a sare shi, duk suna cikin Kojiki, littafin da aka kammala a shekarar 712. A Kojiki, Susano ne jarumin da ya sare macijin, sai dai Susano na wasan matsoraci ne mai cika baki, ga son barci. Hatta makaman Amaterasu iri uku ne, madubi da tsakiya da takobi, daidai da kayan sarautar Japan guda uku.

Abin da ya fi burge ni shi ne faɗa ba shi ne kan gaba ba. Sai ka iske fili ya yi baƙi ƙirin, ciyawa ta mutu, ka tsayar da wasan, allon ya koma takarda, ka ja da'ira da alkalami a kan busasshiyar bishiya. Nan take furanni su ɓarke, kore ya malala har bakin kogi. Ka ciyar da zomaye da tsuntsaye, yabon da ka samu ya ƙara maka ƙarfi. Wannan tsarkake wuri daga ƙazanta shi ne ƙashin bayan Shinto, kuma a nan da hannunka kake yin sa. Aibinsa? Buɗewar labarin na da tsawon tsiya, kuma Issun, ɗan mitsitsin abokin tafiyarka, bakinsa ba ya shiru. Na Switch ya fi daɗi, don da yatsa kake zanen a kan allo.

Ghost of Tsushima na 2020 yana da kyau a ido, amma bin dila zuwa wurin bautar Inari, abin bautar shinkafa a Shinto, ado ne kawai a wasan takobi. Ghostwire: Tokyo yawo ne a unguwar Shibuya ta Tokyo kana tsarkake torii, wato ƙofofin wuraren bautar Shinto, har ka gaji. Sakuna: Of Rice and Ruin kam ya cancanci na biyu, in kana da haƙurin noman shinkafa. Genshin Impact kuwa, duk da Yae Miko mai kula da wurin bauta da tsibiran Inazuma masu kama da Japan, kyauta ne a baki, a aljihu caca.

Yanzu ga inda ake cin kasuwar mutane. Babu Okami na Android, babu na iPhone. Duk wanda ya turo maka mahaɗi ya ce ka sauke shi a waya, ko dai talla za ta cika maka wayar ko a kwashe maka bayanai. Haka ma Ghost of Tsushima.

Sai masu sayar da asusu a WhatsApp, waɗanda za su ce maka wasa goma a farashin ɗaya. Wani ya taɓa sayar min da irin wannan. Ina tsakiyar kogon Orochi ya canza kalmar sirri, lambarsa kuma ta daina shiga. Asusun da ba da imel ɗinka aka buɗe ba, ba naka ba ne, ko nawa ka biya. Katin kuɗin PlayStation ma yana da ƙasa: na Amurka ba ya shiga asusun Ingila, kuma mai shago ba zai karɓi katin da aka riga aka kankare ba. In faifai za ka saya na hannu, kar ka yarda da kwali mai sheƙi. A sa shi a na'ura a gabanka, ya shiga, ka ga wasan ya tashi, sannan ka zaro kuɗi.