Kakin kyandir ko feshin gwangwani: wanne za ka saya don yi wa ɗigon ruwa hanya?

Duk wanda ya taɓa wanke ganyen kontomire, wato ganyen gwaza, a unguwar Aboabo ta Kumasi ya san yadda ruwa ke dunƙulewa a kansa, ya gangara bai jiƙa shi ba. Mu masu haɗa ƙananan hanyoyin ruwa a gida, don gwada ruwan rijiya ko haɗa ɗigo da ɗigo, wannan halin muke nema.

Ni dai kaki na riƙe. Tun 2007 ɗakin binciken George Whitesides a Jami'ar Harvard ya nuna cewa takarda kaɗai ta isa ta ja ruwa ba tare da famfo ba, in dai an yi masa shinge. A 2009 suka nuna yadda ake yin shingen da kaki. Kyandir ɗin kasuwar Kejetia ma yana yi. Ka zana layinka a kan takardar tacewa, irin Whatman lamba 1, ka sa wata takarda a kai, ka ɗora dutsen guga har kakin ya ratsa zuwa baya. In bai ratsa ba, ruwa zai bi ta ƙasa ya tsere. Ka bar wa hanyar faɗi, domin kaki yana bazuwa in ya narke, sai ta tsuke. Kakin zuma yana narkewa wajen digiri 62 zuwa 64, ya fi laushi a hannu. Raunin shingen kaki sabulu da sifirit, waɗannan suna keta shi.

Sai magungunan korar ruwa na kanti. Rain-X na gilashi ne, kada ka shafa shi a roba. NeverWet yana korar ruwa har kusurwar ɗigo, wato ma'aunin yadda ya dunƙule, ta haura digiri 150, amma yana barin hazo fari, yatsa kuma yana goge shi. Sylgard 184, robar silikon da ake ƙera hanyoyin ruwa da ita, na masu hali ne. Farin tef ɗin masu gyaran famfo kuwa, shi ma yana korar ruwa, ka ajiye ɗaya.

Yanzu jabu, don nan na ƙone. Wani mai shagon kayan mota ya rantse mini cewa gwangwaninsa daga Jamus yake. Na fesa, ruwa ya dunƙule, na yi murna. Kwana biyu sai ƙurar hunturu ta manne, maiƙo ya hau kan ɗigona, aikin mako uku ya lalace. Ashe mai ne kawai da turare. Ɗan'uwa, kafin ka ba da sidi ɗaya, ka ce a fesa a farar takarda a gabanka. Ka jira ta bushe, ka ɗaga ta sama: in ta yi shara-shara kamar takardar ƙosai, ajiye masa kayansa. Duba gindin gwangwanin, in babu lambar kamfani ko ranar ƙerawa, ko rubutun yana gogewa da yatsa, kada ka saurari rantsuwa. Wanda ya ƙi a gwada kuwa, ka yi masa sallama ka wuce shago na gaba.