Kiɗan tsofaffin gem a salon jaz: wanne za ka zuba a memori, kuma ta wace hanya?

Duk wanda ya taso yana leƙa gidan gem a garuruwa irin su Gaya, Ringim ko Gumel, ko aka taɓa kawo masa na'urar nan mai kaset da ake jonawa da talabijin, yana da wasu kaɗe-kaɗe a kansa da bai san sunansu ba. Ka ɗan yi masa fiton kiɗan Mario, zai ƙarasa maka sauran. Wani Bajapane, Koji Kondo, shi ya tsara kiɗan a 1985 domin kamfanin Nintendo, a kan na'urar da ba ta iya fitar da sauti fiye da biyar a lokaci guda. Wannan ƙarancin ne ya tilasta wa masu tsarawa yin amo gajere mai kama kunne, kuma shi ya sa yau makaɗan jaz suke rububinsa. A 2023 ma Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya saka kiɗan na Mario cikin sautukan da yake adanawa na tarihi.

Yadda makaɗan jaz suke yi shi ne, su buga amon da ka sani sau ɗaya, tsaf, sannan kowa ya ɗauke shi ya zagaya da shi yadda ransa ya ba shi, a ƙarshe a dawo gida. Kamar dai mai kukuma ne da yake yawo da zarensa, 'yan amshi na riƙe masa da gindin waƙa. To sai dai ba duk abin da aka rubuta wa "jaz" ne yake da sanyin da ake nema ba, kuma ga mai sayen data da kuɗin gumi, gwaji yana da tsada.

Idan na dare kake so, bayan an dawo daga gona an ci tuwo, nemi aikin mutum biyu ko uku. A nan ba na jin akwai kamar Gentle Love, wato Norihiko Hibino mai busa saksofon da abokinsa AYAKI a kan fiyano. Hibino ba ɗan koyo ba ne, ya yi wa wasu daga jerin gem ɗin Metal Gear Solid kiɗa kafin ya koma yin jerin faya-fayen da ya tsara musamman domin kwantar da hankali da barci. Ba ganga, ba hayaniya. Illarsu ɗaya: suna jan amon a hankali sosai, har wani lokaci sai an yi nisa za ka gane gem ɗin da aka ɗauko.

Mai shago ko tela da ke son abin da zai taya shi aiki, The Consouls sun fi dacewa da shi. 'Yan birnin Sydney ne na Ostireliya, ƙaramin rukuni, suna da ganga da fiyano da babban molon nan mai kaurin murya, kuma kiɗansu yana da motsi ba tare da ya hana ka jin mai ciniki ba. Kusa da su akwai Carlos Eiene, Ba'amurken da aka fi sani da insaneintherainmusic a YouTube. Shi ya fi karkata ga Pokémon da ire-irensa, waɗanda ba su cika zuwa gidajen gem ɗinmu ba, don haka ka duba sunan gem ɗin kafin ka ɓata data.

Akwai The 8-Bit Big Band na Charlie Rosen a New York, waɗanda suka ci babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, Grammy, a 2022 da wani kiɗa daga gem ɗin Kirby. Gwanaye ne, babu ja. Amma taron mutum ne da kayan busa rututu, kiɗan biki ne. Mai neman sanyi ya wuce su.

Abin da nake gargaɗi a kai shi ne dogayen bidiyon nan na awa biyu, awa uku, masu hoton taga ana ruwan sama, babu sunan makaɗi ko ɗaya. Wasunsu aikin mutane ne aka kwaso ba izini, wasu kuma yanzu kwamfuta ce take harhaɗa su. Za ka ji daɗin minti biyar na farko, daga nan sai ka lura abu guda ne ake ta juyawa. Su ne kuma suka fi cinye data.

Ta wace hanya za a samu? A nan ne zaman ƙauye yake sauya lissafi. Spotify ya shigo Najeriya a 2021, kuma akwai irin waɗannan makaɗa a ciki, amma na kyauta ba ya bari ka ajiye kiɗa a waya. Ko ka biya na wata, abin da ka sauke yana kulle ne a cikin manhajar: ba ka tura wa ƙaninka ta Xender, ba ka sa shi a rediyo mai cin memori, sai ka leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, kuma ranar da biya ya tsaya, shi ke nan. Ga wanda sai ya fita bakin titi yake samun sabis, wannan haya ce mai wahala. YouTube ya fi kowa yawan kaya, yana da kyau wajen ɗanɗanawa, amma kana biyan kuɗin hoton da ba kallo za ka yi ba.

Bandcamp, shafin da makaɗa ke sayar da kiɗansu, saye ne na gaske. Ka biya, ka sauke, ya zama naka, kuma kaso mafi tsoka yana zuwa hannun makaɗin. Matsalar ita ce da kuɗin waje ake biya, kuma ba kowane katin banki ne yake wucewa ba. Idan kana da ɗan'uwa a Kano ko Dutse mai katin da ke aiki, ku haɗa kuɗi ku sayi faifai guda da kuka riga kuka saurara kuka gamsu.

Ni dai da za a tambaye ni inda za a fara, OverClocked ReMix zan ce. Shafi ne da David Lloyd ya kafa a 1999, inda masoya gem suke aika kiɗan da suka sake tsarawa, wasu alƙalai su tace, wanda ya tsallake a ɗora shi kyauta. Halal ne ka sauke, ba sata ba ce, kowane kiɗa yana ɗauke da sunan mai shi da gem ɗin da ya fito. Kana iya nema da sunan gem. Gwada Sonic na 1991, ko Street Fighter II da Yoko Shimomura ta yi wa yawancin kiɗansa, ko Donkey Kong Country na 1994, wanda kiɗan cikin ruwansa na David Wise tun asali mai sanyi ne. Ko Tetris, da muka buga a 'yar na'urar hannu mai batir biyu: shahararren amonsa tsohuwar waƙar gargajiyar Rasha ce. Sai dai jaz ɗan yanki ne kawai na abin da ke shafin, mafi yawa kiɗan kwamfuta ne mai ƙarfi, dole ka yi haƙurin tsinta.

Kada ka dogara da mai turi na kasuwa ya ba ka wannan. Kwamfutarsa cike take da waƙoƙin Hausa, na Indiya da wa'azi, don su ake nema. Abin da zai yi maka shi ne, ranar kasuwa ka je masa da sunayen a rubuce, ku yi ciniki, ya sauke maka inda sabis yake da ƙarfi. Ka ce masa MP3 kake so. Mai lamba 128 yana cin kusan megabait 1 a minti, awa guda ba ta kai megabait 60 ba. Mai 320 ya ninka haka sau biyu da rabi. FLAC ya fi su duka nauyi, kuma ƙananan rediyoyi da yawa ba sa karanta shi. A 'yar MP ta hannu ba za ka ji bambancin ba, ka ɗauki 128 ko 192 ka huta.

Inda kuɗinka ya kamata ya tafi shi ne abin saurare. Lasifikar waya ba ta iya fitar da ƙasan sauti, alhali molon nan mai kauri shi ne ke riƙe da jaz, da shi da shafar gangar da ake yi da 'yar tsintsiyar waya. Ka kunna a waya tsirara, rabin kiɗan ya ɓace, sai fiyano yana ƙyal-ƙyal shi kaɗai. Iyafis mai igiya, irin mai roba da ke toshe kunne, ya fi arha, ba ya buƙatar caji, kuma ya fi nuna kiɗan. Ga gidan da ake kai waya shagon caji, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan kuwa da jama'a za a ji, sai MP. Kada fitilun da ke walƙiya a jikinta su ruɗe ka, batir kawai suke sha. Ɗaga ta ka ji nauyi, don mai nauyi galibi ta fi maganaɗiso da batir na kirki. Ka je da kiɗanka a waya, ka sa a kunna shi ƙasa-ƙasa. 'Yan kasuwa sun saba ƙure murya da kiɗan rawa, a nan kowace MP jaruma ce. A sassauta ne ake jin mai huci da mai karkarwa.

Memori kuma jabu ya yi yawa. Za a rubuta giga 32, ka zuba kaya su shiga lafiya lau, washegari rabi sun ƙi buɗuwa. Giga 8 na gaskiya zai ɗauki sama da awa 100 na MP3 mai 128, ya ishe ka har ka gaji. Ko a Farm Centre ka saya ko a teburin kasuwar Wudil ranar Juma'a, ka sa a cika shi a gabanka, a cire, a mayar, sannan ka buɗe na ƙarshen da aka zuba ka ji yana yi kafin ka miƙa kuɗi.