Ofishin lauyoyin da ya nema wa kawuna diyyar cutar asbestos a Ingila

Kawuna ya yi aikin gyaran tukwanen dumama gidaje a Ingila tun shekarun 1970, lokacin da ake lulluɓe bututun da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ke jure zafi, domin sai a 1999 ƙasar ta haramta shi gaba ɗaya. Bayan shekaru masu yawa likitoci suka tabbatar yana ɗauke da mesotiliyoma, wato sankarar fatar da ke lulluɓe huhu, wadda shaƙar ƙurar asbestos ke haddasawa, muka nemi wani ofishin lauyoyi da ya ƙware a wannan fanni.

Lauyar ta zo har gida, ta zauna kusa da gadonsa tana rubuta bayaninsa, tana dakatawa duk lokacin da numfashi ya sarƙe masa. Ta ce: "Baba, kada ka gaggauta, amma doka ta ba mu shekara 3 ne kacal daga ranar da aka gano cutar don mu shigar da ƙara." Kamfanin da ya yi wa aiki ya daɗe da rushewa, amma sai suka samo tarihin aikinsa daga hukumar haraji, suka bi diddigi har suka gano kamfanin inshorar da ya tsaya wa kamfanin a wancan zamani. Ba su karɓi ko sisi a hannunmu ba, kuma kason farko na diyyar ya iso yana raye.

Inda suka gaza shi ne sadarwa. Sau biyu aka sauya mai riƙe da fayil ɗinmu ba tare da an sanar da mu ba, kuma wasiƙunsu cike suke da Turancin kotu, wanda sai da na zauna na warware wa matarsa da Hausa layi bayan layi.