Akwatin ƙwallaye ko hoton bango, wanne ya fi koyar da haɗin sinadarai?

Hajiya, tsakanin akwatin ƙwallaye (wanda ake harhaɗa siffar ƙwayoyin sinadarai da ƙwallayensa da sandunansa) da hoton bango da kika ce kina shawarar saya wa yaronki, ki ɗauki akwatin. Duka biyun sun shigo gidana a Garwa, kuma ɗaya ne kawai na ci moriyarsa.

'Yata tana aji na biyar a sakandare ta ce mini wai idan ruwa ya tafasa rabewa yake yi ya koma haidurojin da oksijin. Sai muka zube akwatin a tabarma muka ɗaura ƙwayoyin ruwa guda shida, kowace da jan ƙwallo ɗaya na oksijin da farare biyu na haidurojin, sanduna suna riƙe da su. Waɗannan sanduna su ne haɗin tarayya, inda atam biyu (kowane ƙwallo yana wakiltar atam ɗaya, wato ɗan mitsitsin ginshiƙin sinadari) suke tarayya a kan elektron biyu, wato 'yan ƙananan abubuwa masu cajin lantarki da ke zagaye atam, kamar yadda Gilbert Lewis ya bayyana a 1916. Daga nan na ari zaren ɗinkin mahaifiyarta na ɗaure farin ƙwallon wannan ƙwaya da jan ƙwallon waccan, domin zaren ya tsaya a matsayin haɗin haidurojin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, wanda sandar ta fi shi ƙarfi kusan ninki 20. Na ce ta tsinke zaren, ta tsinke, ƙwayoyin suka watse kowace tana nan da sandunanta, na ce mata tururin da ke tashi a ma'aunin zafi digiri 100 na Salshiyas ke nan. Tun ranar ba ta sake wannan kuskure ba, kuma da hannunta ta ga cewa ƙwayar ruwa a lanƙwashe take, kusurwarta wajen digiri 104.5.

Hoton bangon kuwa yana da jerin sunaye da zai taimaka a daren jarrabawa, amma ƙurar hunturu ɗaya ta kashe launinsa.

Akwatin ma yana da nasa gibi. Gishiri haɗin ayon ne, wato atam na sodiyam ya ba na kulorin elektron ɗaya, kowane sodiyam yana kewaye da kulorin shida, shi ya sa ba ya narkewa a wuta sai zafi ya kai digiri 801 na Salshiyas. Ƙananan akwatuna ba su cika zuwa da ƙwallo mai huda shida ba, mu da yumɓu da tsinken tsintsiya muka gina namu.

Ki kula da masu sayarwa. Wani ya taɓa miƙo mini akwati a ɗaure yana rantsuwa cikakke ne, alhali hudojin baƙin ƙwallon kabon a jere suke kamar giciye. Ƙwallon kabon na gaskiya hudojinsa huɗu suna fuskantar ɓangarori huɗu, digiri 109.5 tsakaninsu. Ki sa a buɗe a gabanki, ki soka sanduna huɗu a baƙin ƙwallo ki ajiye shi a tebur. Idan bai tsaya da ƙafa uku kamar murhu ba, ɗaya tana kallon sama, ki mayar masa da kayansa.