Taswirar Jihar Kaduna ta bango: a duba kafin a biya

Taswirar nan da masu littattafai ke ratayewa a Sabon Gari da Samaru na Zariya iri biyu ce: ta takarda zalla da wadda aka lulluɓe da leda. Mai ledar ta fi. Ta takardar, damina ɗaya ta ishe ta, sai ka ga ta jiƙe ta kumbura, hunturu kuma ya zo ya tsattsage ta daga inda aka ninke.

Kafin a yi ciniki, a buɗe ta a dubi maƙwabta. Idan babu Zamfara da Nasarawa, to tsohon zane ne na kafin 1996 aka sake bugawa. Idan kuwa Funtuwa da Daura na ciki, ta girmi 1987, shekarar da aka cire Katsina. A ƙirga ƙananan hukumomi, su cika 23. Sannan a gwada ma'auninta: daga Zariya zuwa Kaduna ya ba da kusan kilomita 80.

Wajen ƙasa da ruwa, ta yi ƙoƙari. Kogin Galma ya fito sarai, haka kogin Kaduna da duwatsun Kagoro. Layin dogo ma ya fito, kuma shi ne abin da ya fi amfanar ɗalibi, domin da ya ga yadda layin Legas zuwa Kano ya haye kogi a Kaduna zai gane abin da ya sa Turawa suka bar Zungeru suka dawo da hedikwatar Arewa nan a 1917.

Akwatin tattalin arzikin da ke gefe ne ya yi rauni. An jera masaƙar Kakuri ta 1957 da matatar mai ta 1980 kamar har gobe injuna na ruri, alhali masaƙun sun daɗe a rufe. Cittar Kachia da Jaba, da masarar Saminaka da Giwa, waɗanda su ne ke cika manyan motoci yau, ɗan ɗigo kawai aka ba su. Tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ta 2016 ma sau da yawa babu ita.

Ga aji ko ofis ta wadatar, in malami zai gyara wannan da baki. Kada a buga mata ƙusa kai tsaye. A manne ta a jikin falanki, nesa da taga, don rana na cinye launi.